Zugazugi Ya Ce Mu Jira Shi Kaɗan

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, babu wanda zai yi saura. Da hantsin ranar Talata, sha bakwai ga watan Satumba, Allah Ya karɓi ran mawaƙin gambarar zamani da duniya ta sani da laƙabin Zugazugi, a gadon asibiti, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Labarin ya same ni a shagona da injin aski a hannu, na gyara rabin kan wani bawan Allah, saura rabi. Ticha ne ya shigo, abokinmu tun na samartaka, kuma bai yi sallama ba, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu ya ce, "Wanzami, kashe injin nan." Na kashe. Ya ce, "Mutuminka ya tafi." Ban tambaye shi wane mutumin ba. Mai rabin kan ma bai ce in ƙarasa masa ba, ya sa hularsa ya zauna tare da mu.

Ni ba marubuci ba ne, Zugazugi, ka fi kowa sani. Almakashi na iya da reza, sai kuma surutu, wanda shi ne rabin sana'armu. Amma akwai tambayar da ka yi mini a ƙofar shagon nan ban ba ka amsarta ba, yanzu kuma babu inda zan kai maka ita sai takarda. Ka tambaye ni ko kujerarka tana nan. Mu da muka so ka tun ba ka da komai, cikinmu ka yi ta neman komawa a shekarunka na ƙarshe, mu kuwa muka yi ta ja maka rai. Ta'aziyya nake rubutawa, amma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, da kunya nake rubuta ta.

Tun ina koyon aiki a wurin maigidana na san ka. Ba aski yake kawo ka ba, madubi ne. Shagonmu ne kaɗai a layin yake da madubi daga bango zuwa bango, sai ka zo ka tsaya a gabansa kana kallon bakinka kana jera kalmomi, maigidana ya kore ka da tsintsiya, ka zagaya ka dawo. A lokacin, wannan waƙa da yara ke kira hip-hop abin dariya ce a wurin manya, suna cewa faɗa ne aka sa wa kiɗa. Kai kuwa Allah Ya ba ka wata baiwa da ko mai ƙinka sai ya tsaya ya saurara. Kana jan numfashi sau ɗaya ka zubo baiti guda cur, mai tsawon da wani sai ya huta a hanya ya sake hutawa, ba ka haɗiye ko harafi ba. Mai Walda, maƙwabcin shagonmu, wanda ubansa maƙeri ne, shi ya fara cewa wannan ba ƙirjin mutum ba ne, zugazugi ne. Sunan ya bi ka har ya cinye na gaskiya. Ni kuma ka laƙaba mini Wanzami don ka rama, alhali ban taɓa riƙe ƙaho ba a rayuwata.

Ba ka yi waƙar 'yan mata ba, ba ka wasa mai hannu da shuni ba. Ka yi waƙar famfon unguwa da aka buɗe da jawabi da tafi, bai taɓa ɗigo da ruwa ba. Ka yi ta takardar shaidar karatu da ta tsufa a ƙarƙashin katifa tana jiran aiki. Sannan ka yi "Layin Asibiti", wadda ni na san inda aka haife ta. Ranar da mahaifina ya yanke jiki ya faɗi, kai ka fara isowa. A asibitin na'urar hawa bene ta lalace, ɗakin likitan kuma yana can sama. Ba ka tsaya neman keken marasa lafiya ba, ka goya tsohon nan a bayanka ka kama matakala, ba ka huta ko a kwanar bene ɗaya ba, ni ina biye da takalmansa a hannu ina haki. Muka yini a kan benci muna jiran a kira mu. Ni na fito da ɓacin rai kawai, kai ka fito da waƙa.

Ban manta da 'yata ta biyu ba, wadda ta taso da in'ina har ta daina ɗaga hannu a aji saboda dariyar yara. Ni da uwarta mun yi faɗa, mun yi lallashi, duk a banza. Kai ka ɗora ta a kan kujerarka ka juya ta ta fuskanci madubi, ka ce mata, "Kada ki kori magana, 'yata. Ja numfashi ki jira ta, za ta zo da ƙafarta." Ka yi ta zama da ita duk zuwanka, kana sa ta faɗi baitinka a hankali, kalma bayan kalma. Yau aikinta ke nan, amsa waya a wani ofis daga safe har yamma. Da ta ji rasuwarka ta kira ni, kuma a karon farko cikin shekaru na ji maganarta ta sarƙe.

Kujerar da nake faɗa ita ce ta tsakiya, mai yagaggen hannu, wadda take kallon ƙofa. Da na gaji shagon daga maigidana har da ita na gada, da kai a kanta duk ƙarshen mako. Saboda kai shagon ya zama majalisar masoyanka. A kan kujerar nan kake, da kumfa a haɓa, ranar da yaron wani babban mutum ya kira ka a waya yana neman ka yi wa ubangidansa waƙar neman ƙuri'a. Ka saurare shi har ya gama, ka ce, "Ka gaida shi. Ka ce famfon ya fara zuba tukuna." Mun ci shekaru muna ba da wannan labari, kowa yana ƙara masa gishiri, har waɗanda ba sa wurin suna rantsuwa a gabansu aka yi.

To, shekaru suka tura. Mu masoyanka na farko muka yi tumbi, muka yi sanƙo, ni ne shaida don ni nake aske abin da ya rage. Ticha da yake zagin hukuma a kan bencina ya zama shugaban makaranta, yana sa hannu a irin takardun da a da yake yi wa tofin Allah tsine. Mai Walda ya fara karɓar aikin ƙofofi daga irin mutanen da ka yi wa waƙar famfo. Ni kaina na kafa talabijin a shago, na koyi askin da yara ke so mai zane-zane a gefe, don kada ciniki ya wuce ni. Kowa ya lanƙwasa inda rayuwa ta lanƙwasa shi, kuma babu wanda ya ce da ɗan'uwansa ya sayar da kai. Kai kaɗai muka hana. Muna so mu dawo daga sulhun da muke yi da duniya mu tarar da kai inda muka bar ka, da fushinka na ɗan saurayi, kana faɗa a madadinmu abin da mu muka daina faɗa. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango naka. Ko wasanka ma ba kullum muke zuwa ba. Zauren da a da ake leƙe ta taga saboda cika ya koma rabinsa kujeru ne ke sauraro. In ka yi ƙorafi sai mu ce ai dama gaskiya ba ta tara jama'a, mu koma gida muna jin mun yi magana.

Sai ga "Jira Ni Kaɗan". Ranar da na fara jin ta a rediyon shago ban gane kai ne ba sai da mai gabatarwa ya faɗa. Kiɗa mai laushi, na rawa. Wata mawaƙiya mai zaƙin murya ce take ɗauke da amshi, tana maimaita shi har mutum ya haddace ko ba ya so. Kai kuma, kai da ba a san inda baitinka yake tsayawa ba, sai ka faɗi 'yan kalmomi ka yi shiru, kiɗa ya wuce, ka ƙara 'yan kaɗan ka sake yin shiru. "Jira ni kaɗan, masoyiya. Ba gajiya na yi ba. Ina kallon hanya ne." Waƙar ta kama gari. Motocin haya, shagunan waya, wuraren biki, ko'ina ita ce. Yaran da ba a haifa ba lokacin waƙar famfo suna rawarta suna ɗorawa a waya. A karon farko aka san fuskarka a inda ba mu muka kai ta ba, kuma in za a faɗi gaskiya wannan ma yana cikin abin da ya ci mana rai.

Majalisa ta zauna a kanka. Ticha ya ce ka bi kasuwa. Mai Walda ya ce shi bai ga abin da ya haɗa furfura da rawar yara ba. Wani da ya zo aski, wanda ba ya cikinmu, ya sa baki ya ce ai in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, muka yi masa ca har ya yi shiru. Ni kuwa, da nake jin na fi kowa iya baki, ina kakkaɓe gashi daga wuyan wani na ce, "Ku daina wahalar da kanku. Zugazugin ne ya huje." Aka yi dariya har da buga benci. Wani ya rubuta a waya, kafin mako ya zagayo ta zama abin da ake rubutawa a ƙarƙashin duk hotonka. Magana zarar bunu ce. Na ji daɗi a lokacin, ba zan yi ƙarya ba, har ina gaya wa masu zuwa aski cewa daga wannan shagon ta fito.

Ka zo bayan nan kamar ba ka ji ba. Ka zauna a kujerarka, na ɗaura maka ƙyalle. Ka dubi madubi ka ce, "Wanzami, yau ka shafa mini baƙin nan a gemu. Za mu ɗauki hoton waƙa, sun ce furfurar ta yi yawa." Na ce su wa suka ce. Ka ce, "Yaran da nake aiki da su." Na ce a shagona ba a rina gaskiya, mai son rini ya tafi wurin yaran. Na faɗi haka alhali kwalbar rinin tana cikin aljihun tebur, Ticha ma da ita nake rufa masa asiri duk wata. Ka yi murmushi ka ce, "Kai ma?" Na yi maka aski babu hira.

Ga abin da yake hana ni sukuni. Mai aski ya fi kowa kusa da numfashin mutum. Kunnena yana dab da hancinka lokacin da nake gyara maka gefen gemu, kuma na ji. Na ji wani siririn fito yana fitowa daga ƙirjinka. Na ga kafaɗunka suna ɗagawa a ƙarƙashin ƙyalle duk jan numfashi, na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa. Kanka na san shi tun yana cike da baƙin gashi, babu canjin da zai ɓuya mini. Na ji, na gani, na ce a raina mura ce ta sanyin sitidiyon masu kuɗi, na ci gaba da fushina.

Ka daɗe ba ka dawo ba. Sai wata rana da yamma, shago a cike, na ga inuwarka a ƙofa. Gemu baƙi wuluk, rinin wani ne, bai ma iya ba, ya taɓa maka fata. Ka yi sallama aka amsa ciki-ciki. Ka dafa ƙofa ka ce, "Wanzami, kujerata tana nan?" Akwai mutum a kanta. Abu ne mai sauƙi in ce tana nan, bari in gama da wannan. Sai na ce, ban ko ɗago kai ba, "Akwai layi." Ka ce, "To, ai mun saba da layi." Ka koma ka zauna a bencin waje. Ticha ya duƙufa a jarida, Mai Walda ya tuna yana da aiki a wuta. Wasu 'yan mata masu wucewa suka gane ka suka tsaya ɗaukar hoto da kai, muna kallo ta gilashi muna taɓe baki. Da na gama da na kan kujerar na kira na gaba, ba kai ba. Da na sake dubawa babu kowa a bencin.

A watan da ya wuce aka yi wasan cikarka shekara talatin kana waƙa, da la'asar, a babban zauren taro. Ka aiko mana da katin shiga ta hannun babbar 'yarka, wadda ka sa wa Lauya tun tana ƙarama saboda gardama. Muka je, ba don taya ka murna ba, don mu ga iya gudun ruwanka. Yara suka cika gaba, mu tsofaffi muka tsaya a baya da hannu a harɗe. Ka yi sababbin waƙoƙinka kana zaune a kan wata doguwar kujera, muka ce wannan ma salon zamani ne. Da aka zo "Jira Ni Kaɗan" zauren ya ɗauka gaba ɗaya, mu kuma a nan muka fara namu. A zamaninmu akwai kiran da muke yi maka in kana kan dandamali, kai kuma ka amsa da dogon baiti. Muka ɗaga murya: "Numfashi ɗaya! Numfashi ɗaya!" Yaran ba su san ma'anarsa ba, amma abin ihu ne, suka kama mana.

Ka ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa. Ka kare idonka daga fitila ka duba baya har ka gano mu. Na hango Lauya a gefen dandamali tana girgiza maka kai, na ɗauka lokaci ne ya ƙure. Ka sauka daga kujerar ka ce, "Wannan ta 'yan layin baya ce." Ka ja numfashi ka shiga baitin farko na "Layin Asibiti", babu kiɗa babu amshi, tun daga mai gadin ƙofa har zuwa tsohon da ya cika da katinsa a hannu, ba ka tsaya ba, ba ka haɗiye harafi ba. Zauren ya tashi. Mai Walda yana hawaye, Ticha ya jefa hularsa sama, ni na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Ka sunkuya, hannu biyu a gwiwa, ka daɗe a haka. Muka ce dubi ladabi, gaishe mu yake yi. Muka fito muna cewa an liƙe hujin, Zugazugi ya dawo, kuma mu muka dawo da shi hanya.

Daga bayan dandamalin aka wuce da kai asibiti. Ba mu sani ba, don ka hana a faɗa. Ni ina nan ina jiran ka zo aski. Na sa an ɗinke hannun kujerar, na shirya har irin zolayar da zan tarbe ka da ita. Amma ban kira ka ba. Na ce ai kai ne mai laifi, kai za ka zo, ni kuma in nuna girma in yafe.

Gidanka a saman bene yake, na daɗe ban hau ba. Muka je gaisuwa ni da Ticha da Mai Walda. Uwargidanka ta karɓe mu da mutunci, kuma da ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Bayan addu'a sai Ticha ya ce, don ya cike wuri, ai waƙarka ta ƙarshe ta shiga ko'ina, har jikokinsa suna yin ta. Ta ce, "Waƙar matakala?" Muka dubi juna. Ta ce, "Ai a matakalar nan da kuka hawo aka yi ta. An daɗe huhunsa yana cinyewa. In mun dawo daga unguwa ni ina gaba da kaya shi yana baya, a kowace kwanar matakalar sai ya tsaya ya ce, jira ni kaɗan. In na juyo ya ce ba gajiya ya yi ba, hanya yake kallo. Wace hanya, bango ne a wurin." Ta yi 'yar dariya ta share ido. Ta ce likita ya ce ka bar waƙa, ka ce in ka bari ka zama wa. Sai ka auna abin da ƙirjinka zai iya ɗauka ka yanka baitin daidai nan, ka ba yarinyar nan amshi don ka sami wurin hutawa.

Na ce, "Uwargida, me ya hana shi gaya mana?" Ta ce ta yi fama da kai har ta gaji. Ka ce in muka sani za mu tausaya maka, kai kuwa ba tausayi kake nema a wurinmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu muna waje muna ba da shawarar fenti.

Sai na buɗe baki na ce, "Wallahi da mun san ba shi da lafiya..." Ban ƙarasa ba Lauya ta tare ni. Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yau zan yi maka rashin kunya. Da kun sani sai me? Ke nan sai yana ciwo yake da izinin yin waƙar da yake so? Babana yana son waƙar nan. Yana son ya ga yara suna rawa. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana sa mutane ɓata rai, bai san daɗin ka ga fuska ta washe saboda kai ba sai yanzu. Ko da huhunsa garau yake, yana da ikon ya yi ta." Na hawo benen da nadamata a shirye, ashe ita ma da sharaɗi na zo da ita. Na yarda in yafe maka ne don na ji kana da uzuri, alhali tun farko babu laifin da ka yi mini.

Mai Walda ne ya yi ƙarfin halin tambayar abin da ke cin mu duka, ko dogon baitin nan ne ya yi sanadi. Lauya ta ce, "Ba ku kuka kashe shi ba, Kawu, kwanansa ne ya ƙare. Ciwon ya riga ya yi nisa. Baitin dai shi ya kwantar da shi, kuma ya san zai kwantar da shi tun kafin ya ja numfashin." Uwargida ta ce a asibiti, da aka ɗan cire maka abin shaƙar iska, ba ka tambayi yadda wasan ya tashi ba, ba ka tambayi ko jama'a sun cika ba. Ka ce, "Wanzami ya yi tafi?" Ta ce maka na yi, ta gan ni da idonta. Ka ce, "To, shi ke nan."

Da muka fito, a kwanar farko ta matakalar duk muka tsaya. Bango ne kuwa, kamar yadda ta faɗa, da wani wuri daidai kafaɗa inda fentin ya dushe saboda dafawa. Na tuna wata matakalar, da tsohona a bayanka, da ni ina haki a baya ba ka ce mini na huje ba. An ce da-na-sani ƙeya ce. Ni da na ƙare rayuwata ina kallon ƙeyar mutane, ban taɓa gane wannan magana ba sai ranar.

Na koma shago na kashe injin da talabijin, na sa "Jira Ni Kaɗan" na ƙure murya, na saurare ta a karon farko ba don in sami abin zagi ba. A cikin shirun nan da ke tsakanin kalmominka, a ƙarƙashin kiɗa, ana jin ka kana jan numfashi. Siririn fiton da na ji a ƙarƙashin ƙyalle yana nan, mai haɗa sauti bai iya goge shi duka ba. Yara sun yi rawa a kansa, ba laifinsu ba ne, ba su san tsohon ƙirjinka ba. Mu ne muke taƙamar mu masu sauraron magana ne ba masu rawa ba, kuma mu ne ba mu ji ba. Ka yi waƙar wahalar kowa muka yi maka tafi, ranar da ka yi taka muka ce ka bi kasuwa.

Ga duk wanda yake da tsohon mawaƙin da ya taso da muryarsa, ina roƙonsa ya bar shi ya tsufa. Ya bar shi ya yi laushi in ya so, ya yi rawa in ya so, ya rina gemu in ya so. Fushin da kake nema a bakinsa naka ne, in har yana nan ka faɗa da bakinka.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwancinsa fiye da yadda duniya ta ƙuntata masa ƙirji. Ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kankarar zunubi, Ka sa tsohon da ya goya da yarinyar da ya koya wa magana da duk wanda ya yi magana dominsa su zama shaida a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, wadda ta jira shi a kowace kwana ba ta taɓa ƙosawa ba, da Lauya da ƙannenta, da 'yan'uwa da abokan aikinsa. Ina miƙa ta ga mawaƙiyar da ta riƙe masa amshi yana hutawa mu muna zaginta, da yaran da suka so shi yadda suka same shi. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma 'yan layin baya, in kun iya ku yafe mana, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Ya sa mu cika da imani.

Amsar tambayarka kuwa ga ta, ko da ta makara. Kujerarka tana nan, an ɗinke hannun, kuma babu layi. Ka ce mu jira ka kaɗan, muka wuce muka bar ka a matakala. Yanzu kai ne a gaba, mu ne a baya muna haki. Ka fi mu haƙuri, Zugazugi. Jira mu kaɗan, muna tafe.